Shin zukatan jama'a na iya karkata ƙuri'a? Amsa ga wani malami daga Anguwan Rogo

Wani malamin makarantar sakandare daga Anguwan Rogo ya turo mini wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp. A cikinsa ana cewa masana a jami'ar Princeton ta Amurka sun dasa na'urori a sassan duniya, sun kuma gano cewa duk lokacin da zukatan miliyoyin mutane suka haɗu a kan abu ɗaya, lambobin da na'urorin ke fitarwa sukan daina zuwa barkatai, su shiga tsari. Har an ce na'urorin sun ji harin 11 ga Satumba 2001 da aka kai Amurka tun kafin ya auku. Sai ya rubuta: "Malam, da gaske ne? In haka ne, ashe kimiyya ba ta tabbatar da ƙarfin addu'ar jama'a ba, irin ta ranar Arfa? Ina so in gaya wa ɗalibaina, amma ina tsoron in koya musu abin da ba shi ke nan ba."

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka kai aji. Na shafe sama da shekara ashirin ina koyar da ilimin ƙididdiga a nan Jos, kuma wannan bincike yana cikin waɗanda na fi karantawa da ɗalibaina. An yi binciken da gaske, mutanen da suka yi shi masana ne, lambobin da suka samu kuma suna da ban mamaki. Amma ban yarda sun nuna abin da bidiyon ya ce sun nuna ba. Bari in bi da kai sannu a hankali.

Mu fara da na'urar. Ka san ƙarar nan ta shuuu da rediyo ke yi in ka murɗa shi tsakanin tasha da tasha? Irin wannan hayaniya ta lantarki tana nan cikin ƙananan kayan wuta, kuma ba wanda zai iya faɗin yadda za ta kasance a ƙiftawar ido mai zuwa. Na'urar tana ɗaukar wannan hayaniya ta mayar da ita 0 ko 1, tamkar mai jefa kwabo sama ya faɗo ta wannan fuska ko ta waccan. A binciken da kake magana, kowace na'ura tana jefa kwabon nan sau 200 a daƙiƙa ɗaya, ta ƙirga sau nawa 1 ya fito. Abin da ake sa rai shi ne 100. Ba kullum yake zuwa 100 cif ba: yau da gobe za ka ga 94, ka ga 107, ka ga 101. Kusan kashi 95 cikin ɗari na lokuta adadin yana faɗawa tsakanin 86 da 114. Wannan kai-komo shi ne lafiyar na'urar. In ta riƙa ba da 100 daidai a kowace daƙiƙa, to ta lalace.

Son gane ko zuciya na iya taɓa irin wannan abu ya daɗe. Duk wanda ya taɓa zama wajen 'yan ludo ya ga mai hura wa ɗan ludon iska yana kiran "shida, shida!" kafin ya jefa. A shekarun 1930 wani masani mai suna J. B. Rhine a jami'ar Duke ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta ɗakin gwaji, ya sa mutane suna jefa 'ya'yan ludo suna nufin wata lamba a ransu. A ƙarshen shekarun 1960 Helmut Schmidt ya maye gurbin hannu da na'ura. Sai a 1979 Robert Jahn, wanda a lokacin shi ne shugaban tsangayar injiniya a Princeton, ya buɗe ɗakin gwaji da ake kira PEAR tare da Brenda Dunne. Shekara 28 suka yi suna zaunar da mutane gaban na'ura, ana ce musu su nufi lambobin su hau ko su sauka. Abin da suka ce sun samu ɗan mitsitsi ne, misalin jifa ɗaya cikin dubu goma ya karkata zuwa inda aka nufa. Da aka haɗa kai da wasu cibiyoyi biyu a Jamus, a Freiburg da Giessen, don a maimaita gwajin a ga ko zai sake fitowa, sakamakon da aka wallafa a 2000 bai nuna karkatar da aka yi hasashe ba, har a Princeton ɗin kanta. A 2006 kuma wasu masana uku, Bösch da Steinkamp da Boller, suka tattara gwaje-gwaje 380 irin waɗannan suka auna su gaba ɗaya. Sun ga ƙananan gwaje-gwaje ne ke ba da babban sakamako, manya kuwa kusan babu komai, alamar da ke nuna cewa gwajin da bai yi nasara ba yakan kwana a aljihun tebur ba a wallafa shi. An rufe PEAR a 2007.

Daga wannan gida Roger Nelson ya fito. Shi masanin halayyar ɗan'adam ne, ya daɗe yana aiki a PEAR. Tunaninsa shi ne, maimakon mutum ɗaya ya zauna yana nufin na'ura, me zai faru in jama'a masu ɗimbin yawa suka shagala da abu ɗaya, ba su ma san da na'urar ba? Ya gwada da jana'izar Gimbiya Diana a Satumbar 1997, sai a 1998 ya kafa abin da ya kira Global Consciousness Project, wato shirin auna hankalin duniya baki ɗaya. Ka lura, shirin ba na jami'ar Princeton ba ne a hukumance, duk da cewa a garin aka kafa shi. 'Yan sa-kai ne suka karɓi na'urorin suka jona su da kwamfutocinsu, suna kiran kowace ɗaya "ƙwai". A lokacin da shirin ya fi ƙarfi akwai tsakanin 60 da 70 suna aiki dare da rana, suna tura lambobinsu ta intanet. In ka lissafa, na'ura 60 sau 200 sau daƙiƙa 86,400 da ke cikin yini, ya haura jifa biliyan ɗaya a kowace rana.

Abin da suke aunawa ba wai 1 ya fi 0 yawa ba ne kai-tsaye. Suna duba ko na'urorin da ke nesa da juna suna karkata tare a daƙiƙa guda fiye da yadda ƙuri'a za ta kawo. In wani babban abu ya faru, sai su rubuta hasashe, su ce daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza muna sa ran ganin karkata, sannan su buɗe lambobin. Abu na farko da suka yi wa rajista a nan nahiyarmu ya faru: harin bam a ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam ranar 7 ga Agusta 1998. Daga nan suka ci gaba da daren sabuwar shekara, girgizar ƙasa, ambaliyar tsunami ta Disambar 2004, zaɓuɓɓuka, tarukan ibada, mutuwar manyan mutane. Zuwa ƙarshen 2015 sun cika 500, suka rufe lissafin. Da suka haɗa duka, sun samu karkatar da ta haura sigma 7. Sigma ma'auni ne da muke amfani da shi mu ce sakamako ya yi nisa kaza daga abin da ƙuri'a zalla za ta bayar. Sigma 7 na nufin a ce ƙuri'a ce kawai ta kawo haka, sai kusan sau ɗaya cikin tiriliyan. Masu binciken ƙwayar zarra a cibiyar CERN sigma 5 suka jira kafin su sanar da gano ƙwayar Higgs a 2012.

Wannan ita ce hujjar masu shirin, kuma ba zan raina ta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sun kuma yi wani abin kirki da ya kamata a yaba musu: lambobinsu a buɗe suke, kowa na iya saukewa ya duba, kuma abubuwan da ba su ba da sakamako ba ma suna cikin jerin.

Amma ka riƙe wani abu game da sigma, domin a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sigma tana gaya maka ne cewa ba ƙuri'a kaɗai ke aiki ba. Ba ta gaya maka mene ne ke aiki. A 2011 masu wani gwaji mai suna OPERA suka auna wasu ƙwayoyi da ake harbowa daga CERN zuwa wani ɗakin gwaji a ƙarƙashin dutse a Italiya, tafiyar kilomita 730, suka ga kamar sun riga haske isa. Sigma 6 suka samu. Duniya ta ɗauka. Bayan watanni aka gano wata waya ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Lissafinsu bai yi ƙarya ba, da gaske akwai abin da ya karkata awon, sai dai ba abin da aka zata ba ne. To a binciken Nelson, ina wayar da ba ta zauna ba? A ganina tana wajen zaɓe: wa ke zaɓen abin da ya cancanci a kira shi babban al'amari, wa ke yanke ƙarfe nawa za a fara ƙirga, ƙarfe nawa za a tsaya, kuma da wane ma'auni?

Ɗauki 11 ga Satumba 2001 ɗin da bidiyon ya fi ɗagawa. Hasashen da suka rubuta ya ɗauki awa huɗu da 'yan mintuna, daga dab da faɗuwar jirgin farko. Sakamakon da ya fito irin wanda ƙuri'a kan kawo ne kusan sau ɗaya cikin 35. Ba laifi, amma ba abin da zai girgiza mai ƙididdiga ba ne: in ka yanka kwana shida zuwa awa hurhuɗu, kana sa ran cin karo da irinsa sau ɗaya ba tare da komai ya faru ba. Wasu masana biyu, Edwin May da James Spottiswoode, waɗanda su kansu sun daɗe cikin binciken abubuwan gaibu na zuciya, ba 'yan adawa da fannin ba ne, suka sake duba lambobin ranar. Suka nuna cewa da an rage tsawon lokacin da 'yan mintuna, ko an ƙara masa rabin awa, da sakamakon ya ɓace. Maganar cewa na'urorin sun fara motsi awanni kafin harin kuwa ba ta cikin hasashen da aka rubuta. Daga baya aka koma ana jujjuya lambobin ta hanyoyi daban-daban har aka ga wani tudu a zanen hawa da saukar lambobin da ya faɗo kafin lokacin.

Mun san wannan ɗabi'a a gida. In aka yi rasuwa a unguwa, sai ka ji ana cewa, "Wallahi shi ya sa jiya kare ya kwana yana haushi," wani ya ce ya yi mafarki haƙorinsa ya fita. Karen nan yana haushi dare da yawa, ba wanda ya rubuta. Sai da rasuwar ta zo aka waiwaya aka ɗauko na jiya. Ba ƙarya masu faɗar ke yi ba, haka zuciyar ɗan'adam take, tana neman haɗa abu da abu. A ilimin ƙididdiga muna da lissafin wannan. In ka ba kanka damar gwada tsawon lokaci iri 20 daban-daban, kowanne da damar ɗaya cikin 20 ta fitowa da "abin mamaki" bisa ƙuri'a, kuma ba su jingina da juna ba, to damar ka samu aƙalla ɗaya ta kai kashi 64 cikin ɗari. Hausawa sun ce mai nema yana tare da samu. A kasuwa wannan albishir ne. A cikin tarin lambobi biliyan ɗaya a rana kuwa, shi ne babban abin da muke gargaɗin ɗalibai a kansa.

Zan tsaya a kan wannan rana kaɗan, domin ni da kai mun san inda muke a wancan makon. Rikicin Jos ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa mutanen da suka mutu cikin ƙasa da mako ɗaya sun kai dubu. Ranar Talatar da jirgin farko ya daki benen New York, ƙarfe biyu saura kwata na rana ne a agogonmu. Ni ina cikin ɗaki da iyalina da wasu maƙwabta da suka fake a wurinmu, a rediyo muka ji labarin Amurka, ga hayaƙin garinmu bai gama kwantawa ba. Ban taɓa ganin zukatan mutane sun haɗu a kan tsoro ɗaya da addu'a ɗaya kamar a kwanakin nan ba, Musulmi da Kirista, kowa a ɓangarensa yana kiran Allah. Shi ya sa duk lokacin da na ga zanen nan na 11 ga Satumba, tambayar da ke zo mini ita ce: lambobin ba su da adireshi, ta yaya aka san baƙin cikin wa suka ɗauka? In sun karkata ranar Talata an ce New York ce. Da sun karkata ranar Juma'a fa?

Mai kare shirin zai ce ai yawa ake dubawa, biliyoyi ne suka kalli New York a talabijin, Jos kuwa ba haka ba. Na karɓa. To sai a rubuta ƙa'idar tun farko: mutum nawa ne ke sa al'amari ya shiga jeri, kuma yaya za a ƙirga su? Shirin bai kafa irin wannan ƙa'ida tsayayya ba. Cikin 500 ɗin akwai abin da ya girgiza duniya, akwai kuma taron zuzzurfan tunani da mutane ƙalilan suka sani. Wani an ba shi awa ɗaya, wani awa shida, wani yini guda. A shekarun farko ma ma'aunin da ake amfani da shi yakan sauya daga wani al'amari zuwa wani. Ga kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Gwaji na buƙatar abin kwatance, wato ranar da ba abin da ya faru, don a auna ta da ranar da abu ya faru. A duniyar da ke ɗauke da mutum biliyan takwas, wace rana ce wannan? Kowace Juma'a ɗaruruwan miliyoyi na tsaye a sahu. Kowace Lahadi coci-coci a cike suke. Kowane dare wani gari na cikin makoki wanda kyamarar duniya ba ta kai gare shi ba. Abin da jerin ya tara shi ne abin da ya ja hankalin masu jerin.

Kada ka ɗauka ina zargin Nelson da maguɗi. Ban ga dalilin yin haka ba. Sai dai karkatar da ake magana ƙarama ce ƙwarai. In ka raba sigma 7 ɗin nan a kan al'amura 500 yadda lissafi ya tanada, kowane ɗaya yana da kusan sulusin sigma ne kacal. Nelson da kansa yakan faɗa cewa ba a iya gane komai daga al'amari guda, sai an tara da yawa. Ma'anar haka, fiye da ɗaya cikin uku na al'amuran za su tafi saɓanin hasashe. Kuma ƙaramar karkata irin wannan ba ta buƙatar mugun nufi kafin ta shigo. Ya isa a ce wani lokaci an hango zanen ranar kafin a yanke shawarar yin rajista, ko wani da ya hango ya kawo shawara, ko an zaɓi ma'aunin da ya yi kyau a baya. Ka tuna, da yawa daga cikin al'amuran sai sun faru ake rubuta hasashensu, a lokacin kuwa lambobin sun riga sun shiga ma'ajiya. Mai awon hatsi da ke ɗan karkata mudu da kaurin farce, ko da bai sani ba, a mudu ɗaya ba ka gani, a buhu ɗari biyar sai ya fito.

Akwai kuma wani abu a cikin ginin na'urar kanta da bidiyoyi ba sa faɗa. Saboda zafi ko tsufa na iya sa na'ura ta riƙa fifita 1 a kan 0, masu ƙera ta sun sa mata wata dabara: bisa wani tsari da aka kafa tun farko, ana juya rabin lambobin, 1 ya koma 0, 0 ya koma 1. Dabara ce mai kyau, tana kashe duk wata karkata ta jiki. Amma Jeffrey Scargle, masanin taurari a hukumar NASA, ya nuna a 2002 cewa tana kashe har abin da ake nema. In wani ƙarfi daga zukatan jama'a yana tura hayaniyar lantarkin zuwa gefe ɗaya, juyawar nan za ta share shi, kamar kana zuba ruwa a randa wani na kwashe daidai abin da ka zuba.

Mutumin da ya fi bin wannan zare har ƙarshensa shi ne Peter Bancel, masanin kimiyyar fiziks da ke Paris, wanda ya shafe shekaru yana aiki kafaɗa da kafaɗa da Nelson, kuma ya yarda karkatar tana nan. A 2017 ya wallafa nazarinsa na shekara 17 na lambobin. Ya ce kafin wani hankalin duniya ya iya ratsa juyawar nan ya karkata na'urori tare, sai ya dace da bugun kowace na'ura daidai wa daida, a ma'aunin da ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba da yadda agogunan kwamfutocin suka daidaita da juna. Don haka ya yanke cewa sakamakon yana da alaƙa ne da masu gudanar da gwajin da zaɓin da suke yi. May da Spottiswoode ma can suka nuna, wajen mai zaɓe. Gaskiya ita ce su ukun suna fassara abin da wata baiwa ta gaibu a zuciyar mai gwajin, wai yana zaɓen lokacin da ya dace ba tare da ya sani ba, Nelson kuma bai yarda da su ba, yana nan kan bakansa. Ni ban ga buƙatar zuwa gaibu ba tunda akwai bayani na kusa. Amma ka dubi inda aka tsaya: hatta abokan tafiyar da suka fi kowa sanin lambobin sun ce yatsa na nuna mai zaɓe ne, bai nuna jama'ar duniya ba.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda na san shi ya fi damunka. Ni Musulmi ne kamarka, ina addu'a, na kuma yi imani ana amsawa. Hukunce-hukuncen addu'a fagen malamai ne, amma abin da aka koya mana tun muna makarantar allo shi ne addu'a roƙo ce, bawa yana roƙon Ubangijinsa, Shi kuma Yana amsawa yadda Ya so, a lokacin da Ya so. Abin da shirin Nelson ke da'awa wani abu ne daban: wai wani ƙarfi yana fita daga tarin zukata ya taɓa lantarki, ko masu zukatan sun roƙi wani ko ba su roƙa ba. A jerinsu, taron ibada da daren shagalin sabuwar shekara da wasan ƙwallo duk a layi ɗaya suke. Ko da binciken ya tabbata gobe, ba addu'a ya tabbatar ba. Abin da nake tsoro kuma shi ne ka gaya wa yaro ɗan shekara 16 cewa wata na'ura a Amurka ce shaidar Arfa, ya shiga jami'a ya karanta Bancel, sai ya ji kamar ƙasa ta zame masa a wurin da bai kamata a ce an ɗora shi a kai ba tun farko. Na ga ɗalibai a irin wannan hali, kuma ba abu ne mai daɗin gani ba. Haka zan gaya wa malamin makarantar Lahadi in shi ya turo mini bidiyon.

Cewa haɗuwar zukata na canza duniya kuwa, wannan ba sai an kawo na'ura ba. Mun ga unguwannin da dattawa suka tsaya a bakin layi suka ce ba mai shigowa, ba mai fita ya taɓa kowa, suka kuma tsira. Ta baki da hannu da ƙafa abin ya bi, hanyoyin da muka sani.

Me zai sa in sauya ra'ayi? Gwajin ba shi da tsada, kuma akwai sabon zubin shirin da cibiyar HeartMath ta Amurka ke jagoranta, wanda zai iya yin sa. A rubuta tun yau, a ajiye a hannun waɗanda ba su da hannu a shirin: ranar Arfa daga zawali zuwa faɗuwar rana a agogon Makka, daren Kirsimeti, wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, na tsawon shekara goma. Tsawon lokaci ɗaya, ma'auni ɗaya, ba ƙari ba ragi. A haɗa kowace rana da ranakun bogi guda tara da kwamfuta ta zaɓa, a miƙa wa mai ƙididdigar da bai san wacce ce wacce ba, a ce ya tsamo ta gaskiyar. In ya riƙa dacewa fiye da sau ɗaya cikin goma, shekara bayan shekara, wata tawagar ta daban ta maimaita da nata na'urorin ta samu haka, to ni ne zan fara kai labarin aji. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Ga abin da zan so ka kai wa ɗalibanka maimakon bidiyon, darasi ɗaya ya ishe shi. Raba ajin biyu. Tunda kwabo ya yi wuyar samu a hannun yara yanzu, ka ba rukuni na farko ɗan ludo, su jefa sau 200, in lambar ta rabu biyu daidai su rubuta 1, in ba ta rabu ba su rubuta 0. Rukuni na biyu kada su jefa komai, su ƙirƙiro jerin 200 daga kansu yadda suke ganin ƙuri'a za ta kawo. Kai kuma ka fita waje, kada ka san allon wa ne wanne. In ka dawo, ka nemi allon da ke da lamba ɗaya a jere sau shida ko fiye, 111111 ko 000000. Kusan kullum shi ne na gaskiya, domin a jifa 200 damar samun irin wannan jeri ta haura kashi 95 cikin ɗari, yaran da ke ƙirƙira kuwa da wuya su yarda su wuce huɗu, gani suke ya yi tsari da yawa. Sannan ka sa su duba daidai lokacin da dogon jerin ya faɗo, ka tambaye su me ke faruwa a makarantar a wannan minti. Wani zai ce a lokacin aka kaɗa ƙararrawa, wata ta ce a lokacin aka kira sallah a masallacin bayan katanga. Ka rubuta duk amsoshin a allo, ka bar su su yi gardama a kan wacce ce ta jawo jerin.